Sakan goma sha ɗaya a saman Tallaje

Abin da zan rubuta ya faru ne a bikin ɗiyar ƙanwata, a unguwar Tallaje ta birnin Yamai, wata Asabar cikin watan Janairu. Ba a rasa rai ba, ba wanda ya ko ƙwarzane, kuma yawancin waɗanda suka ci abincin bikin har yau ba su san an yi wani abu ba. Na ɗauki alƙalami ne saboda daga baya na zauna da bidiyon da kuma bayanan da ƙaramin jirgin ɗaukar hoton bikin ya ajiye, wanda saura kaɗan ya yi karo da jirgin fasinja, na yi lissafi, lissafin kuwa ya hana ni barci kwana biyu. Shekara 26 na yi ina koyar da lissafi da kimiyya a kwaleji, saboda haka in na ce na auna, da takarda da alƙalami na auna.

Ina da hannu a cikin abin. Gara in faɗi haka tun farko.

Mai ɗaukar hoton tsohon ɗalibina ne, yaro mai ladabi, shekarunsa ba su wuce 24 ba. Da kamarar aro ya fara sana'ar. Da ya ɗan tara, sai ya sayi ƙaramin jirgi marar matuƙi na hannu, wanda samari ke cewa dron, a kan jaka 300 da 'yan kai. Nauyinsa wajen giram 900, in an naɗe shi ya shiga jakar rataye. Tun daga nan kasuwarsa ta buɗe, domin yanzu a Yamai bidiyon biki in babu hoton sama, ƙawayen amarya ba sa ɗaukarsa cikakke.

Da muka zauna ciniki ya ce mini, yana kirana yadda ɗalibai ke kiran malami, "Mushe, aikin ƙasa kaɗai jaka 60 ne. In kuna son na sama, sai ku ƙara 25." Na ƙara. Har na ce ina so a ga ayarin motoci tun daga ƙofar gida har hanyar Saga, inda gidan iyayen ango yake, in da hali ma a hango kogi. Ban tambaye shi ko yana da izini ba. Filin jirgi bai faɗo mini a rai ba ko kaɗan, alhali ƙarar jiragen nan ce ke katse mana hira kullum a ƙofar gidan. Kunne in ya saba da abu, daina jinsa yake yi.

Ranar bikin

Hazo ya sauka tun safe, irin na tsakiyar hunturu wanda kake iya kallon rana ido da ido. Iska na busowa daga gabas. Bayan la'asar ayari ya tashi, motoci tara da babura. Yaron ya tsaya gefen rumfar da aka kafa a ƙofar gida, ya kunna dron ɗin. Wayarsa da ke maƙale a jikin telekomand, wato na'urar tuƙa dron ɗin, ta nuna masa wani gargaɗi da Ingilishi. Shi da Faransanci ya yi karatu, kuma ya saba ganin rubutun duk sa'ad da aiki ya kawo shi wannan yanki. Ya danna, ya wuce.

Ya ɗaga dron ɗin mita 40, ya bi ayarin ta kudu. Bai yi mita 400 ba hazo ya haɗiye shi, daga nan allon waya kaɗai yaron ke kallo. Wajen mita 900 daga gida, motocin suka karya kwana ta bayan wasu benaye. Hoton ya tsaya cak, sannan ya ɓace. Sadarwa ta yanke. Sai ya yi abin da ya saba yi in haka ta faru: ya zare igiyar wayar, ya rufe manhajar, ya sake buɗe ta. Wannan ya ci masa fiye da minti ɗaya, kansa a sunkuye.

Irin waɗannan jirage an ƙera su da wata dabara. In suka daina jin mai tuƙa su na 'yan sakanni, sai su koma inda suka tashi da kansu. Amma kafin su kama hanya sukan fara hawa sama zuwa wani tsayi da mai su ya saka musu, don kada su afka wa bishiya ko gini. Wata biyu kafin bikinmu yaron ya yi aiki a wata unguwa mai nisa, kusa da doguwar eriyar waya. Ya ji tsoron kada dukiyarsa ta bugi ƙarfen, sai ya saka tsayin komawa gida mita 150, kuma kafin ya samu damar haka sai da ya ɗage iyakar mita 120 da jirgin ya zo da ita. Ya gama wancan aikin lafiya, ya manta bai mayar ba.

Mu da ke zaune a kan kujeru, abin da muka gani kawai shi ne jirgin fasinja ya ɓullo daga cikin hazo ta yamma, tayoyinsa a sauke, ya wuce ta kudu da mu kamar yadda yake wucewa kullum. Mutum ɗaya ne ya miƙe zumbur: wani dattijo, Alhaji, maƙwabcin ƙanwata, wanda ya yi ritaya daga aikin gyaran fitilun titin jirgi. Ya ga yaron riƙe da telekomand, ya duba sama bai ga komai ba.

"Kai ɗana, ina abin naka yake?"

"Baba, yana dawowa."

"Ta ina?"

Yaron ya nuna kudu. Alhaji ya dafe kai da hannu biyu yana salati.

Ba a yi minti biyu ba dron ɗin ya sauko a hankali ya dira kan tabarmar da ya tashi. Alhaji ya yi faɗa sosai, har muryarsa na rawa. Abokan ango da suka rage a gida suka riƙa ba shi baki, suna cewa ai abin wasa ne, ko kaza ta fi shi nauyi. Yaron kuwa rantsuwa yake yi: "Wallahi Baba mita 40 kawai na ɗaga shi, kuma filin jirgi ai yana da nisa." Ba ƙarya ya yi ba. Iyakar abin da ya sani ke nan. Ni ma a lokacin na ɗauka Alhaji ya kai abin inda bai kai ba, na roƙe shi ya yi haƙuri don albarkacin biki. Ya dube ni ya ce, "Mushe, ku da kuka san lissafi, ku je ku duba."

Abin da na'urar ta ajiye

Kwana uku bayan haka yaron ya zo gidana da kwamfutarsa. Dron ɗin bai daina ɗaukar hoto ba ko da sadarwa ta yanke, komai na cikin ɗan katinsa. Kuma yana ajiye bayanin kowace tafiya: inda yake, tsayinsa, gudunsa, sakan bayan sakan.

Bidiyon ba shi da sauti, shi ya sa ya fi tayar da hankali. Ana ganin rufin kwano suna ƙanƙancewa, motocin ayari sun zama kamar ƙwayar wake. Hoton ya juya ya fuskanci arewa. Ana tafiya shiru cikin hazo. Sai kawai jirgin ya shigo ta hagu, ba ta sama ba, ba ta ƙasa ba, daidai tsakiyar allo, tagoginsa a jere har ana iya ƙidaya su, ya fita ta dama. Duka bai kai sakan uku ba. Jim kaɗan hoton ya girgiza, ya karkace, ya daidaita. Yaron ya rufe bakinsa da hannu. Bai taɓa kallon wannan ɓangaren ba, saboda da ya ga inda sadarwa ta yanke sai ya tsallake.

Ga lissafin, kuma ina so mai karatu ya bi ni a hankali, don a nan ne duk maganar take.

Titin sauka da tashi na filin jirgin Diori Hamani a miƙe yake daga yamma zuwa gabas. Jirgi kuwa yana son ya sauka yana fuskantar iska, don ta taimaka masa ya rage gudu. Da damina, sa'ad da iska ke zuwa daga kudu maso yamma, jirage kan shigo ta gabas, ta wajen daji. Da hunturu iska ta juya, sai su zagayo ta yamma, su ƙetare kogin Isa, wato kogin Neja, su bi ta saman unguwannin da ke tsakanin kogi da filin jirgi, wato yankin Gamkale da Saga da Tallaje. Lokacin sanyi kuma shi ne lokacin bukukuwa, shi ne lokacin hazo.

Jirgin da ke sauka ba faɗowa yake yi kamar shirwa ba. Gangarowa yake a hankali a kan layi mai karkatar digiri uku, wanda shi ne aka fi amfani da shi a filayen jiragen duniya. Ma'anarsa, duk kilomita ɗaya da ya rage masa kafin ya kai bakin titin, yana sama da mita 52, a ƙara wajen mita 15 da yake ƙetare bakin titin da su. A kilomita 5, wato kusa da kogi, yana kan mita 275. A kilomita 2 yana kan mita 120. A kilomita ɗaya, mita 67 ne kawai. Na buɗe taswirar waya na ja layi daga bakin titin ta yamma zuwa daidai unguwar ƙanwata, na samu kilomita biyu da rabi. A nan jirgi na kan mita 145 ko kusa da haka. Dron ɗin yana kan 150.

Gidan bikin yana arewa da hanyar jirgin da wajen mita 300. Wato da dron ɗin ya bi ayari kudu, ya riga ya ratsa ƙarƙashin hanyar sau ɗaya a mita 40. Da zai dawo, ya ratsa ta cikinta. A sakan ɗin da jirgin ya gifta allo, bayanan sun nuna saura mita 120 dron ɗin ya kai layin, kuma yana tafiyar mita 11 a sakan guda. Mita 120 a raba da 11, sakan goma sha ɗaya. Da motocin sun karya kwanar nan da wuri da sakan goma sha ɗaya, da direban gaba bai tsaya ya bar wani mai amalanke ya wuce ba, da su biyun sun isa wuri ɗaya a lokaci ɗaya.

Kuskuren yaron, wanda ni ma nake da shi, shi ne auna nisan filin jirgi da hanyar mota. Daga gidan zuwa ƙofar shiga sai ka yi zagaye, ka sha cunkoso, ka wuce shingen bincike, sai ka ji kamar ka yi tafiya. Jirgi ba ya bin kwalta. Titinsa bai ƙare a katangar filin ba, ya ci gaba a sararin sama, yana hawa kaɗan-kaɗan ta saman gidajenmu da masallatanmu da makarantunmu. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A ƙasa haka ne. A sama, in ka ga jirgi ya wuce sai ka ɗauka yana can ƙololuwa, saboda ba bishiya ko gini kusa da shi da za ka gwada. Na tambayi mutum shida a unguwar su ƙiyasta tsayin jiragen da ke wuce su, ba wanda ya faɗi ƙasa da mita 500.

"Ko kaza ta fi shi nauyi"

Wannan maganar ta abokan ango ita ce na fi ji a bakin mutane, kuma tana da kamar gaskiya, don haka ta cancanci amsa.

Jirgin fasinja na saukowa da gudun kusan kilomita 250 a awa, wato mita 70 a sakan guda. Abu mai giram 900 in ya haɗu da abin da ke wannan gudun, ƙarfin bugun daidai yake da a saki buhun siminti mai kilo 50 daga tsayin mita huɗu da rabi. Sai dai buhu faɗi gare shi, wannan kuwa duk ƙarfin a wuri ɗaya zai taru, wurin da bai fi dunƙulen hannu ba.

Gaskiya ne jirage na karo da tsuntsaye, kuma akasari suna sauka lafiya. Masu ƙera injin jirgi har matattun tsuntsaye suke harba masa don gwaji kafin a amince da shi. Duk da haka tsuntsu ba abin rainawa ba ne: ranar 15 ga Janairun 2009 garken dinya ya kashe injuna biyu na wani jirgin US Airways da ya tashi daga New York, sai a kan kogin Hudson matuƙin ya sauke shi, Allah ya sa mutum 155 da ke ciki duk suka tsira. To shi tsuntsu nama ne da jini da ƙashi marar nauyi, in ya bugu fashewa yake ya watse. Dron kuwa injuna huɗu ne na ƙarfe da maganaɗisu, da kamara, da batir mai tauri kamar guntun bulo. Binciken da gungun jami'o'in Amurka mai suna ASSURE ya yi wa hukumar jiragen saman ƙasar, FAA, a 2017 ya nuna cewa in nauyi ɗaya ne, gudu ɗaya, ɓarnar dron ta fi ta tsuntsu, saboda taurin waɗannan sassa. A 2018 cibiyar bincike ta Jami'ar Dayton ta harba dron mai kusan kilo ɗaya a kan fiffiken wani ƙaramin jirgi da gudun kusan kilomita 380 a awa. Bai tarwatse a waje ba, ya huda ya shige ciki ya lalata ƙashin bayan fiffiken. Kamfanin DJI da ya ƙera dron ɗin ya yi ƙorafi cewa gudun ya wuce abin da zai faru a zahiri, kuma ya kamata a faɗi wannan don adalci. Amma batirin nan na litiyom, wanda duk mai gyaran waya a Yamai ya san yadda yake kumbura ya kama wuta in an huda shi, ba wanda zai so ya tsinci kansa cikin fiffike, inda jiragen fasinja ke ajiye mansu.

Kuma ba a ɗakin gwaji kaɗai maganar ta tsaya ba. Ranar 21 ga Satumban 2017 wani jirgin sojan Amurka mai saukar ungulu, samfurin Black Hawk, ya yi karo da dron kusa da tsibirin Staten a New York. Farfelarsa ta lotsa, an tsinci guntun injin dron ɗin a cikin jikin jirgin, kuma da lambar da ke jikin guntun aka gano mai shi. Mutumin yana nisan kusan kilomita 4, ba ya ganin jirginsa, kuma a daidai lokacin dron ɗin na kan hanyar komawa gida ne da kansa. Da na karanta wannan sai jikina ya yi sanyi, don labarinmu ne sak. Mako uku bayan haka, ranar 12 ga Oktoba, wani ƙaramin jirgin fasinja mai mutum 8 ya bugi dron yana shirin sauka a birnin Kebek na Kanada. Ya sauka lafiya da 'yar ɓarna a fiffike. Akwai kuma na 9 ga Janairun 2025, lokacin gobarar dajin Los Angeles: dron ɗin wani mai son ganin gobara, wanda bai kai giram 250 ba, ya huda fiffiken jirgin kashe gobara da Kanada ta aiko da shi taimako. Jirgin ya yi kwanaki a ƙasa ana gyara, gidajen mutane na ci da wuta. Na yaronmu ya ninka wancan nauyi fiye da sau uku.

Sai a ce matuƙi ai yana da ido, ya kauce mana. Hukumar FAA ta daɗe da ƙiyasta cewa daga lokacin da matuƙi ya hango abu, ya gane mene ne, ya yanke shawara, ya motsa hannu, jirgi ya amsa, ana bukatar wajen sakan 12 da rabi. A gudun sauka wannan mita 875 ke nan. Abu mai faɗin faifai, launinsa toka-toka, cikin hazon Janairu, wa zai hango shi daga nan? Mai shi da kansa ya daina ganinsa kafin mita 400, kuma shi ya san inda zai duba. A wannan ɗan lokacin kuma matuƙan biyu hankalinsu na kan na'urori da titin da ke gabansu, jirgin na tafiya a hankali, ƙasa na kusa. Ba lokacin da jirgi ya fi rashin wurin kaucewa kamar wannan.

Ko da ba a yi karo ba

Da matuƙin ya ga dron ɗin ya sanar da hasumiya, ma'aikatan ASECNA da ke kula da zirga-zirgar sama ba su da hanyar sanin cewa na biki ne, ko guda nawa ne, ko zai sake tasowa. Abin da ke hannunsu shi ne su dakatar da sauka da tashi har a tabbatar. Jirgin da ke sama sai ya yi ta zagaye yana ƙona mai, in abin ya daɗe ya nemi wani fili, kamar Wagadugu. Haka ta faru a filin Gatwick na Ingila daga 19 zuwa 21 ga Disamban 2018: rahotannin ganin dron kawai, ba karo ba, suka sa aka soke ko aka karkatar da jirage kusan 1,000, fasinja wajen 140,000 suka shiga tasku, kuma har yau ba a gano wanda ya yi ba. Bayan nan ne Birtaniya ta faɗaɗa yankin da aka hana tayar da dron kewaye da filayen jirage daga kilomita ɗaya zuwa kusan biyar. Landan tana da wasu filaye. Mu a Yamai ɗaya ne, ta nan alhazai ke tashi, ta nan ake fitar da marar lafiyar da aikinsa ya gagara a gida.

Akwai kuma abin da ya keɓanta da mu. Sansanin sojan sama na 101 yana jikin filin ne. Yaron ya ce mini ya san lokutan da manyan jirage ke zuwa, yawanci da dare. Jiragen soja da masu saukar ungulu ba sa bin jadawalin da ke cikin wayar kowa, kuma sukan bi ƙasa-ƙasa. Ga halin tsaron da ake ciki, an kuma san ƙungiyoyi masu ɗauke da makamai a Sahel sun fara amfani da irin waɗannan ƙananan jirage na kasuwa. Sojan da ke gadi ya hango abu na shawagi kusa da sansani, ba a rubuta "biki" a jikinsa ba. Yaro ɗan shekara 24 zai iya tsintar kansa yana amsa tambayoyin da ba su da alaƙa da ɗaukar hoto, mu da muka ɗauke shi aiki ma haka.

Wasu na dogara da cewa na'urar da kanta za ta ƙi tashi in wurin haramtacce ne. Kada a jingina da wannan. Taswirar da ke cikinta ta kamfani ce, ba dokar ƙasa ba, kuma a wurare da yawa gargaɗi kawai take bayarwa, mutum ya danna ya wuce, kamar yadda yaronmu ya yi. Kamfanin DJI, wanda ya fi kowa sayar da su a duniya, ya ma cire makullin a Amurka a watan Janairun 2025, ya bar gargaɗi kaɗai, ya ce nauyin na kan mai tuƙi. Ta fuskar doka kuwa maganar tsohuwa ce: Yarjejeniyar Chicago ta 1944, wadda Nijar ke cikinta, ta ce a sashe na 8 jirgin da ba matuƙi ba ya shawagi a sararin wata ƙasa sai da izininta na musamman. A nan hukumar da ke kula da jiragen farar hula ita ce ANAC, can ne mai dron zai je ya yi tambaya kafin ya tayar, ba wajen wanda ya sayar masa ba.

Wa ke da laifi

Da na ba ƙanwata labari ta ce, "Yaya, Allah ya riga ya kiyaye, tsautsayi kuma ba ya wuce ranarsa." Na yarda Allah ne ya kiyaye, na kuma gode masa. Amma ban yarda a kira wannan tsautsayi ba. Tsautsayi shi ne abin da ya faɗo maka ba ka da yadda za ka yi. Wannan kuwa a kowane mataki akwai mutumin da zai iya tsayar da shi. Wanda ya sayar da dron ɗin ya koya wa yaron tashi da sauka cikin rabin awa a wani fili, bai ce masa uffan game da jirage ba. Yaron ya danna gargaɗin da bai karanta ba, ya bar jirginsa ya wuce inda ido ke gani, ya kuma manta da tsayin da ya saka. Ba wanda ya tsaya kusa da shi yana duba masa sama. Ni kuma na biya jaka 25 don a bi ayari har Saga.

Nawa laifin na fi tsayawa a kai, ba don ya fi girma ba, sai don shi ne ba a magana a kansa. Matashi mai neman abinci ba zai ce wa kawun amarya a'a ba, balle malaminsa. In ya ƙi, akwai wani da zai karɓa. Muddin masu biki a Tallaje da Saga da unguwar Aeropor suna neman hoton sama suna biya, za a samu mai tayarwa, kuma ba kowa ne ke da ladabin wannan yaron ba. Mu ne manya, mu muka san unguwar, mu jirage ke wucewa ta kanmu safe da yamma.

Abin da ya fi ba ni tsoro a cikin duka shi ne tsayin mita 150 ɗin nan. Ba ganganci ya sa aka saka shi ba, taka-tsantsan ne, don gudun eriya. A wancan wurin daidai ne. A Tallaje shi ne ya ɗauki jirgin daga inda yake ƙasa da hanyar jirage da mita ɗari ya kai shi tsakiyarta, ba tare da hannun kowa ba. Saboda haka ba na karɓar maganar "zan tsaya ƙasa-ƙasa" daga bakin kowa a wannan yanki. Mai dron na iya niyyar mita 40, batir ya yi rauni, ko sadarwa ta yanke, ko iska ta kwashe shi, na'urar ta yi abin da aka taɓa gaya mata wata rana.

Bayan nan

Na koma wajen Alhaji da takardar lissafina na ba shi haƙuri. Bai ce komai a kan faɗan ba. Ya karɓi takardar ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce a shekarun da ya yi yana aiki a bakin titin, abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne fuskokin mutane a tagogi in jirgi ya zo wucewa, wasu na barci, wasu na ɗaga wa ma'aikata hannu. Ya sa aka kira yaron, ya zaunar da shi a kan tabarmarsa, ya zana masa titin da hanyoyin shigowa biyu a ƙasa da tsinke. Ya kuma yi wa limamin masallacin unguwar magana, aka yi sanarwa bayan sallar magariba.

Yaron ya mayar da iyakar jirginsa, ya juya manhajar zuwa Faransanci, ya buɗe taswira ya zana da'ira mai kilomita biyar daga kowane bakin titin, ya ce cikinta ba ya tayarwa ko nawa za a ba shi. Ya fara neman takardun izini don sauran wurare. A bukukuwan wannan yanki yanzu doguwar sanda yake amfani da ita, mai mita shida, da ƙaramar kamara a kanta, wani lokaci kuma ya roƙi maƙwabta ya hau bene. Hoton bai kai na da kyau ba, shi ma ya sani. Daga Janairu zuwa yau ya rasa aiki huɗu saboda haka, ciki har da na wani ɗan kasuwa da ya ce masa in ba zai iya ba ya faɗa, kada ya kawo masa labarin jirgi.

Bidiyon da aka kai wa amarya an yanke wurin. Cikakken yana wajena, kuma na nuna wa shida daga cikin masu ɗaukar hoto a fadarsu. Huɗu sun yi shiru, ɗaya ya nemi in sake yi masa lissafin digiri ukun a takarda ya tafi da ita, ɗaya ya ce shi nasa ƙarami ne, bai kai giram 250 ba. Asabar ɗin da ta wuce na je gaishe da ƙanwata, ana wani biki layi biyu daga gidanta, ta kudu. Muna zaune bayan la'asar na ji wannan ƙugin kamar na zuma a sama. Na tashi na sa takalmi na nufi gidan bikin, Alhaji na biye da ni da sandarsa.